Kiwon kifi: Yadda yumɓu ke tare gubar dalma kafin ta isa tukunya

A ƙarshen mako, kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja kan cika da ma'aikatan gwamnati da iyalansu. Mai saye kan tsaya a gaban baho, ya nuna tarwaɗar da ta fi kuzari, a ɗora ta a kan sikeli, a yi ciniki, a yanka. Iyakar abin da idonsa zai tantance shi ne girman kifin da lafiyar fatarsa. Idan akwai dalma a hantar kifin, ko zaiba a tsokarsa, ido ba zai gan ta ba. Ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗano, kuma tafasa ko suya ko banda ba sa kawar da ita.

Wannan ne ya sa masana kiwon kifi a ƙasashe da dama suka shafe shekaru suna neman wani abu mai araha da zai tare waɗannan ƙarafa masu guba tun kafin su ratsa jikin kifi. Daga cikin abubuwan da suka nuna alamun nasara akwai yumɓu, dangin wanda Ladi Kwali, mai hoto a bayan takardar Naira 20, ta gina tukwanen da suka fito da sunan wannan yanki a idon duniya. Najeriya tana da shi jibge a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai yumɓun da ake son ya tare guba yana iya zama shi ne mai kawo ta matuƙar ba a gwada shi ba, gwajin kuwa aiki ne da ke kan teburin hukumomin tarayya.

Ta ina gubar ke shiga?

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, kuma babu ƙasar da ta kai ta kiwon kifi a kudu da hamadar Sahara. Duk da haka, alƙaluman da gwamnati ta saba bayarwa sun nuna cewa ƙasar na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida, na kiwo da na kamu, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Wani ɓangare na ragowar ana cike shi ne da daskararren kifi daga ƙetare. Don haka kowace gwamnati kira ɗaya take yi: a ƙara haƙa tafkuna, a ƙara zuba 'ya'yan kifi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce da wane ruwa za a cika tafkunan, kuma me ke cikin abincin da za a watsa musu.

Ruwa ba ya tsami banza. A Kano, masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da gishirin kuromiyom wajen sarrafa fata, kuma an daɗe ana koke kan yadda dagwalonsu ke gangarawa Kogin Challawa da rafin Jakara. A Kaduna, magudanan da suka ratsa unguwar masana'antu ta Kakuri a Kogin Kaduna suke ƙarewa. A Zamfara da Neja da Kebbi da Osun, masu haƙar zinare da hannu kan yi amfani da zaiba wajen tattaro zinaren daga cikin niƙaƙƙen dutse, su kuma wanke shi a bakin rafi ko kududdufi. Ga masu fasa tsofaffin baturan mota don ciro dalma, ga masu ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe, ga kuma takin zamani mai fosfet, wanda kan zo da ɗan kadmiyom a cikinsa. Duk abin da ya zube a ƙasa, ruwan damina zai kwashe shi ya kai shi inda ya fi gangare.

'Yan Najeriya sun san abin da dalma ke iya yi. A 2010, ƙungiyar likitocin na gari na kowa, MSF, ta gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sakamakon ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 ne suka rasu. A wasu wurare an auna dalma sama da miligiram 100,000 a cikin kilo guda na ƙasa. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Waɗancan yara ta hanyar ƙura suka sha gubar, amma dalma ba ta ruɓewa. Wadda ba a kwashe ba tana nan a ƙasa da cikin lakar kududdufai.

Mai kiwon da ya haƙa rijiyar burtsatse a Kuje ko Bwari, yana kiwo a tankin siminti ko na tamfol, ya fi wanda ke janyo ruwa daga rafin bayan masana'anta samun kariya. Amma shi ma akwai ƙofar da ta rage masa a buɗe, wato abinci. Abincin kifi ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, kuma tsadarsa ta sa da yawa sun koma haɗa nasu da garin kifi da waken suya da masara da garin ƙashi da kayan cikin kaji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya zuwa da nasa kason na ƙarfe, gwargwadon inda aka samo shi. Tarwaɗa kan yi wata huɗu zuwa shida kafin ta kai kilo guda, kuma a kullum sai ta ci.

Daga jikin kifi zuwa jikin mutum

Ƙarafan nan kan shiga kifi ta hanyoyi biyu manya: ta gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa, idan suna narke a ruwa, da kuma ta hanji, idan suna cikin abinci. Dalma da kadmiyom kan yi shigar burtu, domin jiki na ɗaukarsu tamkar sinadarin kalsiyom da yake buƙata, sai ya buɗe musu ƙofa. Daga nan su taru a hanta da ƙoda da ƙashi. Kifin da suka taru a jikinsa kan rage cin abinci, girmansa ya tsaya, jininsa ya ragu, garkuwar jikinsa ta yi rauni har ƙananan cututtuka su riƙa kayar da shi. Mai kiwo kan zaci abincin ne ba shi da kyau, ko irin ne bai da inganci, ya yi ta zuba magani ba tare da ya taɓo tushen matsalar ba.

Zaiba ta bambanta. Idan ta kwanta a laka, wasu ƙwayoyin halitta kan mayar da ita wani nau'i da ya fi haɗari, wanda ke liƙewa a tsokar kifi, wato ainihin ɓangaren da ake ci. Shi ne ya haddasa cutar Minamata a Japan, wadda aka gano a 1956 a tsakanin iyalan masunta da ke cin kifin gaɓar da wata masana'anta ke zubar da dagwalonta. Da sunan garin aka raɗa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013, wadda Najeriya ta tabbatar da amincewa da ita a 2018.

A jikin ɗan'adam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Hanjin ƙaramin yaro kan zuƙi ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke zuƙa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Kadmiyom kuwa kan zauna a ƙoda shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Shi ya sa aka gindaya iyaka. Ma'aunin abinci na duniya, Codex, ya ƙayyade dalma a naman kifi kada ta wuce miligiram 0.3 a kilo. Tarayyar Turai ta sa iyakar kadmiyom a 0.05, ta zaiba kuma a 0.5 ga akasarin nau'ukan kifi.

Sirrin da ke cikin yumɓu

Idan aka duba ƙwayar yumɓu da na'urar ƙara girma, za a ga falle-falle ce, shimfiɗe kan juna kamar takardun littafi. Fuskar kowane falle na ɗauke da wani nau'in cajin lantarki, ƙwayoyin dalma da kadmiyom da jan ƙarfe da suka narke a ruwa kuma na ɗauke da kishiyarsa. Suna haɗuwa sai su manne. Yumɓun kan saki kalsiyom ko sodiyom da yake riƙe da su, ya kama ƙarfen a madadinsu.

Ba duk yumɓu ne ke da ƙarfin kamu ɗaya ba. Wanda ya fi shahara shi ne bentonait, da ya samo asali daga tokar aman wuta da ta daɗe a kwance. Babban sinadarinsa shi ne montmorilonait, mai ɗauke da sunan wani gari a Faransa. Fallayensa kan buɗe idan sun sha ruwa, ta yadda faɗin fuskar giram guda kan kai murabba'in mita 700 zuwa 800. Giram 10 kacal, abin da bai cika tafin hannu ba, na da faɗin da ya kai na filin ƙwallon ƙafa. Farin yumɓu, wato kawolin, fallayensa a rufe suke, don haka ƙarfin kamunsa bai kai ko kashi ɗaya cikin biyar na bentonait ba.

Hanya biyu ake bi wajen amfani da shi. Ta farko ita ce a cakuɗa garinsa kaɗan a cikin abinci. Yumɓu ba ya narkewa a ciki, ba ya shiga jini. Yakan bi hanji ya kama abin da zai kama, ya fita tare da kashin kifin. Ta biyu ita ce a bi da ruwa ta cikin matatar yumɓu, ko a zuba shi a tafkin da ake kwantar da ruwa, kafin a sake shi ga kifi.

Dabarar ba sabuwa ba ce a kiwon dabbobi. Tun ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Timothy Phillips na Jami'ar Texas A&M ya nuna cewa montmorilonait mai kalsiyom na kama aflatoksin, gubar da funfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa, a cikin hanjin dabba. Daga baya aka gwada irin wannan yumɓu a kan mutane a yankin Ejura na ƙasar Gana, aka ga alamun gubar sun ragu a jini da fitsarinsu. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986, an ciyar da dabbobi bentonait a arewacin Turai don rage gubar nukiliya a nama da madara. A 2013 Tarayyar Turai ta amince da shi a hukumance a matsayin abin ƙari a abincin dabbobi, bisa sharaɗin kada ya wuce kashi 2 cikin 100.

A ɓangaren kifi, masu bincike a Jami'ar Zhejiang ta China sun ciyar da karfasa abinci mai dalma har kwana 60, wani rukuni da montmorilonait rabin kashi ɗaya cikin 100, wani babu. Sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna cewa kifin da ya ci yumɓun ya fi ƙarancin dalma a ƙoda da jini. Sun kuma ga makamancin haka da kadmiyom a wani nau'in kifin. Rabin kashi ɗaya cikin 100 na nufin kilo 5 a tan guda na abinci, ko giram 75 a buhun kilo 15 da masu kiwo suka saba saye.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Yumɓu mai gadin ƙofa ne. Ƙarfen da ya riga ya kwanta a hanta ko ƙashi ya wuce hurumin sa. Haka nan wanda aka sa a abinci ba ya hana ƙarfen da ke narke a ruwa shiga ta gaɓoɓin numfashi. Mai kiwon da ke cika tafki da dagwalon masana'anta ba zai tsira don ya barbaɗa gari a abinci ba.

Akwai kuma ƙarafan da ba sa shiga tarkonsa. Nau'in kuromiyom mafi haɗari da sinadarin arsenik kan zo a ruwa da caji irin na yumɓun kansa, don haka ture juna suke yi, sai dai idan an sarrafa yumɓun ta hanya ta musamman. Zaibar da ta riga ta rikiɗe ta shiga tsokar ƙananan kifayen da aka yi garin kifi da su ita ma ba ta kamuwa yadda ya kamata. Tsami kuma na kwance riƙon. Idan ruwa ya yi tsami, ko abinci ya shiga tumbin kifi inda ruwan narkewa ke da kaifi, wani kaso na ƙarfen kan suɓuce.

Yumɓu ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Idan ya yi yawa, yakan kama zinki da sauran sinadaran da kifi ke buƙata don girma, ya kuma rage ƙarfin wasu magunguna. Dokar Turai ta yi gargaɗin kada a haɗa shi lokaci guda da wani rukunin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka watsa shi kai-tsaye a tafki fiye da kima, ruwa kan yi duhu, hasken rana ya kasa ratsawa, gaɓoɓin numfashin kifi su toshe.

Sannan ƙarfen da aka kama bai ɓace ba, mazauni ya sauya. Yana nan a cikin lakar da ta kwanta a gindin tafki. Al'adar masu kiwo da yawa ce su kwashe wannan laka, ko su saki ruwan, zuwa fadamar alayyafo da tumatir saboda takin da ke ciki. Inda tafkin ke da gurɓata, an cire gubar ke nan daga kifi an mayar da ita ganyen miya.

Garin gyaran gira

Haɗari mafi girma shi ne yumɓun kansa. Halin kamun da ya sa ake nemansa shi ne ke sa ya tara duk abin da ya tarar a inda yake kwance. A 1997, hukumomin Amurka sun gano gubar dayoksin a naman kaji da na tarwaɗar kiwo. Da aka bi sawu, sai aka tarar da ita a cikin wani yumɓu da ake haƙowa a Jihar Misisifi, wanda ake zubawa a garin waken suya don kada ya dunƙule. Nan take aka haramta amfani da shi a abincin dabbobi. A ƙarshen 2009, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi mata masu juna biyu kan cin farar ƙasar da ake kaiwa daga Afirka ta Yamma, wadda Ibo ke kira nzu, bayan an samu dalma da arsenik a cikinta. A 2016 ta sake yin irin wannan gargaɗi kan wasu kayan bentonait da ake sayarwa a kantuna.

Lissafin a bayyane yake. Turai ta ƙayyade dalma a cikakken abincin dabba kada ta wuce miligiram 5 a kilo, a yumɓun da ake ƙarawa kuma kada ta wuce 30. Idan mai kiwo ya ɗebo yumɓu mai miligiram 500 a kilo ya zuba kashi 2 cikin 100, ya ƙara miligiram 10 ke nan a kowane kilo na abinci, ninki biyu na iyakar. Miligiram 500 kuwa ba komai ba ne a kan abin da aka auna a ƙauyukan Zamfara. Labarin cewa yumɓu na maganin guba, idan ya bazu a zaurukan WhatsApp na masu kiwo ba tare da wannan gargaɗi ba, zai iya yin ɓarnar da ta fi gyaransa.

Aikin da ke jiran Abuja

Akwai bentonait a Pindiga ta Jihar Gombe da yankin Fika na Jihar Yobe, akwai kuma baƙar ƙasar firgi ta gaɓar Tafkin Chadi, a wuraren Dikwa da Ngala da Marte, mai cike da irin wannan sinadari. Akwai kawolin a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Jihar Bauchi da kewayen Jos. Akasarin bentonait na Najeriya mai kalsiyom ne. Kamfanonin haƙar mai sun fi son mai sodiyom saboda ya fi kumbura, shi ya sa suka daɗe suna shigo da shi daga waje. Amma mai kalsiyom ɗin da suka raina shi ne dangin wanda aka gwada a Texas da Gana.

Hukumomin da za su iya mayar da wannan arziki abin amfani duk suna nan. Hukumar Binciken Ma'adanai ta Ƙasa, mai ɗakin gwaji a Kaduna, da Majalisar Bincike da Bunƙasa Ɗanyun Kayayyaki, RMRDC, su ne za su iya auna kowane rami, su fitar da ƙarfin kamunsa da adadin gubar da ke cikinsa. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke Sabuwar Bussa ita ce ta dace ta gwada shi a kan tarwaɗa, domin akasarin binciken da aka yi a waje a kan karfasa da wasu kifayen aka yi shi, a tankunan ɗakin gwaji. NAFDAC da SON ne ke da ikon gindaya ƙa'ida: wane yumɓu ya halatta, nawa za a sa, me za a rubuta a jikin buhu. NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tsayawa a bakin bututun masana'antu. Sashen kula da kamun kifi da kiwonsa kuma yanzu yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka ƙirƙiro a 2023. Waɗannan hukumomi na ƙarƙashin ma'aikatu daban-daban, kowace da kasafinta, kuma mai kiwo ba shi da hanyar haɗa su a teburi guda. Wannan aikin manyan sakatarori ne da daraktoci da mataimakan da ke rubuta musu takardu.

Akwai kuma batun kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari. A 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Najeriya, domin ƙasar ba ta gabatar da shaidar cewa tsarin bincikenta ya yi daidai da nasu ba. Duk mai son sayar da bandar kifi a ƙetare sai ya nuna takardar gwaji, kuma ƙarafa masu guba na cikin abubuwan da ake dubawa.

Kafin hukumomi su motsa, abin da ke hannun mai kiwo shi ne ya kai ruwansa ɗakin gwaji tun kafin ya zuba 'ya'yan kifi, ya nisanci rafin da ke bayan masana'anta ko wurin wankin zinare, kada kuma ya sa yumɓun da bai zo da takardar gwaji ba. Mai girki kuma ta cire hanta da kayan ciki da gaɓoɓin numfashi ta zubar, tunda a nan dalma da kadmiyom suka fi taruwa. Kifi abinci ne mai gina jiki, babu dalilin ƙaurace masa.

Magina tukwane kan ce tun ran gini ran zane. Tafkunan da ake kira a haƙa don cike giɓin tan miliyan biyu da ɗoriya yanzu ake haƙa su, kuma gwajin ruwa da na yumɓu ya fi sauƙi da araha a yau, kafin 'ya'yan kifi su shiga.